Na zauna gyaran kwamfuta, na rasa hotunan Baba

Hutun Disamba ne, sanyin Jos ya hana fita, na ce yau dai sai na kimtsa kwamfutata. Shekara wajen takwas ina jibga mata kaya ba tsari, ga folda mai suna "sabo", ga "sabo 2", ga "kada a goge". Takardu ba su ba ni wahala ba. Folda huɗu na buɗe, Makaranta, Gida, Kuɗi, Karatu, kafin la'asar kowace takarda ta sami ɗakinta.

Hotuna ne suka ja mini abin da har yau yake ci mini rai.

Ina da 'yar kyamarar Canon da na daɗe ina amfani da ita. Duk sanda memori ya cika sai in juye shi a sabuwar folda, in wanke shi, in ci gaba da ɗauka. Foldodin sun haura goma, a warwatse. Sai na ga gara in tara su wuri ɗaya. Na buɗe folda mai suna Hotuna, na riƙa yanko na kowace ina zubawa. Tun a ta biyu Windows ta tsayar da ni, ta ce akwai fayiloli masu suna iri ɗaya a inda zan zuba. Ta ba ni zaɓi uku: a maye gurbinsu, a tsallake su, ko in duba su ɗaya bayan ɗaya. A raina na ce maimai ne, hoto ɗaya ne na ajiye sau biyu. Na danna na farko. Ta sake tambaya a folda ta gaba, na sake dannawa, har na daina karantawa.

Abin da ban lura ba, kyamarar tana raɗa wa hotuna suna da lamba, IMG_0001, IMG_0002, kuma yadda aka saita tawa, duk sanda aka wanke memori sai ta koma ƙirga daga ɗaya. Ita kuwa Windows suna kawai ta gani, ba ruwanta da wanda ke cikin hoton. Da na danna zaɓi na uku, da ta jera mini su gefe da gefe da kwanan wata da girman kowane, in na zaɓi duka biyun ta ƙara wa ɗaya lamba ta bar mini su. Minti biyar ne na ƙi bayarwa.

Bayan kwana biyu Inna ta ce, "Ka wanko mini hoton Malam na ranar bikin auta, wanda yake zaune a zaure da farar babbar riga." Bikin 2016 ne, kuma shi ne taron gida na ƙarshe da Baba ya gani, Allah ya jiƙansa. Na buɗe foldar da na gama yabon kaina a kanta, sai ga hotunan ɗalibaina ranar da muka kai su gidan namun daji na kusa da gidan tarihi. Na duba kwandon shara, wayam. Fayil ɗin da aka maye gurbinsa ba ya bi ta can.

Washegari na kai kwamfutar wurin wani matashi mai gyara a wajen Terminus. Tambayarsa ta farko, "Malam, bayan abin ya faru ka ci gaba da aiki da ita?" Na ce kwana biyu ina ta kwashe-kwashe. Ya girgiza kai. Ya ce duk sabon abin da aka ajiye yana iya sauka a gurbin wanda ya ɓace, da na kashe ta nan take da an fi samun rabo. Ya sa manhajar Recuva, mai nemo fayilolin da suka ɓace, ta yi ta lalube har azahar. Hoto ashirin da 'yan kai suka dawo, wasu rabinsu toka-toka. Ya ce in gode wa Allah tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, da sabon samfurin nan ne da ake kira SSD da wuya a sami ko waɗannan.

Auta ta turo mini 'yan kaɗan da suka rage mata a WhatsApp. A waya suna da kyau, amma WhatsApp ya matse su, da an faɗaɗa sai fuska ta dushe.

Yanzu ba na tara hotuna a rumbu ɗaya. Kowane taro da foldarsa, sunan kuma da shekara yake farawa, sai wata, sai abin da aka yi: 2016-04 Bikin auta. A haka suke jera kansu bi da bi. Layin kwance nake sawa a tsakani, don Windows ba ta karɓar karkataccen layi a sunan fayil. Na kuma daina yanka. Kwafa nake yi, in buɗe in gani da idona, sai bayan mako guda in goge na asali. Kafin in taɓa komai kuwa, sai na juye duka a faifan waje yadda suke a hargitsensu, abin da ya kamata in fara yi ranar nan. Waɗanda ba zan jure rashinsu ba suna Google Drive, duk da 15 GB ɗin kyauta da Gmail ake raba shi, bai da wuyar cika.

Ɗalibaina da abokan aiki, duk wanda na ga hannunsa na shirin danna "maye gurbi" a kan tarin fayiloli, sai na riƙe shi mun duba tare.

Hoton zauren bai dawo ba. Na bi 'yan'uwa har na Bukuru da na Bauchi, kowa ya duba wayarsa, babu. Na wanko wa Inna wani da Baba ya fito a gefe, rabin fuskarsa a bayan kafaɗar kawu. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa shi cikin jakar carbinta.