Alkaluma ɗaya, amsoshi uku: matsalar gwajin McNemar a manhajojin ƙididdiga

Makon jiya wata ɗaliba da nake duba kundin digirinta na biyu ta shigo ofishina da takardu biyu a hannu, hankalinta a tashe. Ta auna jinin marasa lafiya don gano zazzaɓin cizon sauro ta hanyoyi biyu, wato gwajin gaggawa da kuma duba jinin a ƙarƙashin madubin likita, sannan ta so ta san ko ɗaya hanyar ta fi ɗaya yawan cewa akwai cuta. Manhajar ƙididdiga ta SPSS ta nuna mata babu bambancin da za a dogara da shi, amma wani abokin karatunta ya zuba alkaluman nan a wata manhajar mai suna Stata, sai ga bambanci ya fito. "Malam, wacce ce ta yi kuskure?" Na ce mata babu wadda ta yi kuskure, kuma dalilin hakan ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Tun da kowane mutum sau biyu aka gwada shi, sakamakon biyu a haɗe suke, don haka gwajin da ya dace shi ne wanda Quinn McNemar ya wallafa a 1947. Gwajin ba ya kula da waɗanda hanyoyin biyu suka yarda a kansu. Abin da yake dubawa kawai shi ne inda suka saɓa. A ce, don sauƙin bayani, mutum 12 gwajin gaggawa ya ce suna da cuta madubi ya ce babu, mutum 4 kuma akasin haka. Ana ɗaukar tazarar da ke tsakani, wato 8, a ninka ta da kanta a samu 64, a raba da jimillar 16, sai a samu 4. Ƙimar p da ke fitowa daga nan, wato yiwuwar a ga tazara irin wannan ko fiye da ita alhali babu bambanci na gaske, ita ce 0.046, ƙasa da 0.05 da aka saba ɗauka a matsayin iyakar da za a ce akwai bambanci.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1948, Allen Edwards ya kawo gyara: a cire 1 daga tazarar kafin a ninka ta. Da wannan gyara, 7 sau 7 ya ba da 49, a raba da 16 a samu kusan 3.06, ƙimar p kuma ta haura zuwa 0.080. Akwai hanya ta uku da ba ta yin kiyasi ko kaɗan, sai dai ta lissafa kai tsaye yiwuwar a jefa kwabo sau 16 ya rabu 12 da 4 ko fiye da haka, kuma amsarta 0.077 ce. Alkaluman ba su canza ba, amma hukuncin ya tsallaka iyaka.

Saɓanin manhajojin daga nan yake tasowa, domin kowace tana da hanyar da take bi idan mai aiki bai zaɓa mata ba. R tana sa gyaran Edwards da kanta sai an hana ta. SAS tana ba da lissafin McNemar na asali ba tare da gyara ba, sai an nemi lissafin kai tsaye. SPSS, a sashen jadawalin gicciye, lissafin kai tsaye take fitarwa. Stata kuwa tana buga na asali da na kai tsaye a shafi ɗaya, kuma da na duba takardar abokin nata sai na ga amsar kai tsayen tana nan, layi ɗaya ƙasa da inda idonsa ya tsaya. Idan rukunonin sakamakon sun wuce biyu, wato ba "akwai cuta" ko "babu" kawai ba, lamarin ya fi rikitarwa, domin wata manhaja gwajin Bowker take yi, wata kuma na Stuart da Maxwell, alhali tambayoyin da suke amsawa ma ba ɗaya ba ne.

A nawa ra'ayin, gyaran Edwards yana wuce gona da iri wajen taka-tsantsan, har yakan ɓoye bambancin da yake akwai, lissafin kai tsaye ma yana da wannan hali idan adadin kaɗan ne. Na fi natsuwa da hanyar tsaka-tsaki wadda ke ƙidaya rabin yiwuwar sakamakon da aka gani, wadda a misalinmu take ba da 0.049. Abin da ba zan amince da shi ba shi ne ɗalibi ya gwada dukkansu sannan ya ɗauki wadda ta faranta masa rai. Na umurci ɗalibar da ta bi hanyar da ta rubuta a tsarin bincikenta tun kafin tattara jini, ta faɗi sunan hanyar da manhajar a babi na uku, ta kuma sa adadin waɗanda gwaje-gwajen biyu suka saɓa a kansu cikin jadawali, yadda duk mai karatu zai iya sake lissafin da biro da takarda.