Ranar 28 ga Oktoba a Tasalonika

Ƙanen matata da ke karatu a Atina shi ya dage sai mun tafi arewa. Na je Girka ne kan wani ɗan aiki a ƙarshen Oktoba, niyyata in gama in juyo, sai ya ce, "Yaya, in ka koma gida ba ka ga faretin Tasalonika ba, ai ka yi asarar kuɗin jirgi." Da sassafe muka kama jirgin ƙasa. Tafiyar kilomita 500 ce ko kusa da haka, ta Larisa, sai kwarin Tempi, inda jirage biyu suka yi karo a Fabrairun 2023 mutum 57 suka rasu. Da muka fita daga kwarin, ga dutsen Olimbos ta hagu, tsayinsa ya haura mita 2,900, gajimare ya lulluɓe kansa, ga teku ta dama. Duk ƙauyen da muka ratsa, tuta mai shuɗi da fari na rataye a barandar gidaje.

Bukukuwa uku ne garin ke haɗawa a jere. Ranar 26 ta waliyyin garin ce, Dimitiriyos, kuma ita ce ranar tunawa da karɓe garin daga hannun Turkawa a 1912. Ranar 27 'yan makaranta ke maci. Ranar 28 ta soja ce, shugaban ƙasa da kansa yake tasowa daga Atina.

Mai masaukinmu dattijo ne, tsohon malamin makaranta, daga cikin mutanen nan da in suka kama labari sai shayinka ya huce. Shi ya ba mu asalin ranar. Wajen ƙarfe uku na daren Litinin, 28 ga Oktoba 1940, jakadan Italiya Emanuele Grazzi ya ƙwanƙwasa ƙofar firayim minista Ioannis Metaxas a gidansa da ke Kifisiya, bayan garin Atina. Saƙon Musolini, mai mulkin Italiya, ya kawo: a bar sojan Italiya su shiga su riƙe wasu muhimman wurare, ko kuwa a sha yaƙi. Metaxas ya ba shi amsa da Faransanci cewa to, yaƙi ke nan. Jama'ar gari suka dunƙule amsar ta koma "Ohi", wato a'a, sunan da ranar ke amsawa har yau. Ƙarfe biyar da rabi na asuba, wa'adin ma bai cika ba, dakarun Italiya suka tsallako daga Albaniya. Abin da ba wanda ya zata, Girkawa suka tare su a duwatsun Pindos, suka kora su baya, ranar 22 ga Nuwamba har sun ci garin Korca a cikin Albaniya.

Na ce masa, "Baba, ai na ji an ce shi Metaxas ɗin ma mulkin kama-karya ya yi." Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ƙwarai kuwa, tun Agustan 1936 ya rufe majalisa, ya cika kurkuku da 'yan adawa. Ya ce su ba mutumin suke wa biki ba, amsar suke wa. Wannan magana ta zauna mini, don ƙasashen Turai da dama ranar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare suke tunawa, su kuwa Girkawa sun ɗauki ranar da ya fara a ƙasarsu.

Da dare ƙanen nawa ya zaro waya yana karanto mini abubuwan da suka faru a wannan rana a faɗin duniya, irin jerin nan da jaridu ke bugawa. A 312 sarki Kustantin ya ci abokin hamayyarsa Maksentiyos a gadar Milbiya kusa da Roma, nasarar da ta buɗe wa Kiristanci ƙofar fadar Rumawa. A 1886 aka ƙaddamar da mutum-mutumin 'yanci a New York. A 1918 aka shelanta kafa ƙasar Cekoslobakiya. A 1962 Khrushchev ya sanar da cewa Tarayyar Sobiyet za ta kwashe makamanta masu linzami daga Kyuba, duniya ta yi ajiyar zuciya. Ni dai irin wannan jeri ba ya cika burge ni. Kwana 365 ne kacal a shekara, abin da ya faru kuwa ba ya ƙirguwa, dole su yi ta haɗuwa kamar fasinjojin mota ɗaya, kujera ta haɗa su amma ba dangin iya ba na baba.

Guda ɗaya ce ta sa na gyara zama. A 28 ga Oktoba 1922 'yan baƙar riga na Musolini suka yi tattakinsu zuwa Roma, wanda ya kai shi kujerar mulki. Ranar ta zama abin taƙamar gwamnatinsa, har daga tattakin suke ƙirga shekarun zamaninsu. Ke nan ya auka wa Girka ne daidai ranar cikar tattakin shekara 18, kuma a wannan safiya yana Florence yana tarbar Hitler, ya yi masa albishir cewa sojansa sun kama hanya. Da wuya in yarda wannan katari ne kawai. Mutum ya so ya ƙara wa ranarsa ado, sai ya ba wa waɗanda ya raina ranar da jikokinsu ke hutu a kanta.

Mu ma Musolini ba baƙonmu ba ne. Shi ya mamaye Habasha a 1935, kuma lokacin da Girkawa ke fama da sojansa cikin dusar ƙanƙara, sojan Najeriya na fafatawa da su a gabashin Afirka. Birged ta 23 ta Najeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, rundunar da Hausa ce harshen barikinta. Da na faɗa wa dattijon haka sai ya yi shiru yana kallona, sannan ya tashi ya ƙaro mana shayi.

Faretin kansa a titin Megalu Aleksandaru ake yi, gefen teku, gabas da Farar Hasumiya. Mun yi sammako amma mun tarar da wuri ya cika. Na sayi kuluri, wani burodi mai kamar zobe da aka barbaɗe da riɗi, na tsaya ina leƙe ta kafaɗun mutane. Tankoki, 'yan kwana-kwana, sojan ruwa, jirgin yaƙi na juyi a sama yara na toshe kunne. Ƙarfen bai dame ni ba. Ƙungiyoyin da suka wuce cikin kayan gargajiya su suka tsayar da ni, musamman 'yan Fontos masu baƙaƙen kaya, jikokin waɗanda aka kwaso daga gaɓar Baƙin Teku a musayar jama'a ta 1923, lokacin da Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka baro Turkiyya, Musulmi kusan 400,000 suka bar Girka.

Musayar nan ce ta kwashe Musulmin garin. Sarki Murad na biyu ya ci Tasalonika a 1430, Turkawa suka riƙe ta kusan shekara 500. Da la'asar muka haura Rotunda, ranar ba a biyan kuɗin shiga wuraren tarihi na gwamnati. Zagayayyen gini ne na zamanin sarkin Rumawa Galeriyos, ya yi coci, ya yi masallaci, kuma hasumiyar kiran sallarsa ce kaɗai ta rage a tsaye a duk garin. A nan ƙanen nawa ya ƙara rikita lissafin ranaku. Ashe 26 ga Oktoban da kwamandan Turkawa Hasan Tahsin Pasha ya miƙa garin a 1912 ta tsohuwar kalanda ce, a tamu ta yau 8 ga Nuwamba take. Sai a 1923 gwamnatin Girka ta sauya, aka kwana 15 ga Fabrairu aka tashi 1 ga Maris. Na ce masa in ta lissafinmu na Hijira ne ma, daren da aka tashi Metaxas daga barci yana cikin goman ƙarshe na azumin 1359, da yanzu bikin ya zagaye damina da rani.

Akwai abin da ganguna ba sa faɗa. Nasarar ba ta kai wata shida ba Jamus ta shigo ta ceci ƙawarta Italiya ranar 6 ga Afrilu 1941, kwana uku tsakani ta kama Tasalonika, ranar 27 ta shiga Atina. Yahudawan garin sun kai wajen 50,000. A Yulin 1942 aka tara mazansu a dandalin Eleftheriyas cikin rana ana wulaƙanta su, daga Maris 1943 aka fara loda su a jirgin ƙasa zuwa sansanin kisa na Auschwitz, 'yan kaɗan ne suka dawo. Dandalin na nan dab da tashar jiragen ruwa, mun bi ta wurin bayan magariba.

Washegari kafin mu kama hanyar Atina muka biya ta titin Apostolu Pavlu. Akwai wani gidan bene a harabar ƙaramin ofishin jakadancin Turkiyya, a cikinsa aka haifi Mustafa Kemal Atatürk, wanda ya kafa Turkiyya ta zamani, a 1881. Mun tarar da Turkawa sun yi layi a ƙofa, wasu da jajayen tutoci a hannu, don 29 ga Oktoba ce, ranar da aka kafa jamhuriyarsu a 1923. Layin ya yi tsawo, lokacin jirgi kuma ya matso, sai muka tari tasi zuwa tasha.