Littafin da na miƙa da hannu biyu

Jiya na kwashe kayana daga ɗakin zane na sashenmu: allo, gwangwanayen fenti da suka bushe, da burushi uku da bakinsu ya baje. Abu ɗaya ne bai biyo ni gida ba.

Ni ɗan Yawuri ne. Kakata, wadda muke ce wa Inna, a gungu aka haife ta, tsakiyar Kwara, kuma tana goye da mahaifina aka tashe su lokacin da aka datse ruwa a Kainji a 1968. Hukuma ta gina musu gidaje a tudu, amma har ta rasu ba ta taɓa kiran wurin gida ba. In tana bandar kifi da yamma, hayaƙi na sa ta hawaye, takan nuna tsakiyar tafkin da tsinken da take juya kifin ta ce, "Maigida, ka ga inda jirgin can ya ratsa? Rumbunmu yana ƙarƙashi."

Tun ina firamare nake mafarkin wurin. Ina tafiya a ƙasan ruwa, numfashi bai sarƙe ni ba, ga rumbu a tsaye, ga turmi a kife, ga tsamiya ba ganye ko ɗaya, ƙurungu na fitowa daga bakin rumbun yana iyo a rigingine. In na farka sai in ɗauki gawayi in zana a takardar buhun siminti. Da na samu gurbin karatu sai na koma zana su a wani littafi mai baƙin bango. Shekara uku ina cika shi, wani shafin da asuba, ido bai gama buɗewa ba.

Da lokacin furojet, wato aikin kammala karatu, ya zo, shi na kai wa malamin da aka haɗa ni da shi. A tsaye ya buɗe, ya yi ta fallen shafuka kamar mai ƙirga kuɗi. Ya ce mafarki ba bincike ba ne. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani zane da na yi da fentin ruwa ya ce, "Wannan kuma wane irin kogi ne, kamar kunun kanwa?"

Ina da amsa. Duk yaron da ya tashi a bakin Kwara ya san ruwa biyu ne ke zuwa mana a shekara. Na damina yana zuwa da laka, fari-fari, ko tafin hannunka ba ka gani a ciki. Na biyun, baƙin ruwa, sai da hunturu yake isowa, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Ruwan saman da ya sauka tun a duwatsun Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a can, ya iso mana a tace, da duhu-duhu kamar shayin da ba madara. Ban taɓa ganin Kwara shuɗiya ba sai a taswira. Duk wannan yana bakina, amma abin da ya fito shi ne, "To, ranka ya daɗe."

Ya ce in yi bikin kamun kifi na Argungu, shi ne duniya ta sani, shi ake saye. Ya ce in bar littafin zai ƙara dubawa. Na miƙa da hannu biyu har da rusunawa. Wayata tana aljihu, ko shafi ɗaya ban ɗauka hoto ba.

Ban taɓa taka Argungu ba. Jiharmu ɗaya, amma ruwan Matan Fada, inda ake bikin, daban, sana'ar ma daban. Mu jirgi da taru muka sani, su homa da gora. Daga kalanda da intanet na kwafo zane shida, na zuba musu shuɗin da malam yake so. Ranar kare aiki, malamar da aka gayyato daga waje ta daɗe a gaban na uku, sannan ta juyo ta ce, "Ka taɓa kwanciya a kan gora a cikin ruwa?" Na ce a'a. Ta ce ta gani, domin gorar tana yawo a sama kamar ba ƙato a kanta, kuma ruwan da dubban mutane suka afka masa lokaci guda ba ya zama garau haka. Malamina yana gefe yana danna waya. C na samu, kuma ban ce an zalunce ni a nan ba.

Littafin fa? Sau biyar ina komawa. Yana gida. An yi gyaran ofis. Sai mako mai zuwa. A na biyar ya ɗago ya ce, "Wane littafi?" Bayan wata huɗu, a wani baje kolin zane-zane, na ga rumbu a ƙarƙashin ruwa, da turmi a kife, da sa hannunsa a kusurwa. Ba zan ce komai ba, wataƙila shi ma yana mafarki. Sai dai ruwan shuɗi ne, kuma ya juyar da kifin cikinsa ya kalli ƙasa. Ya ɗauka kuskure na yi. Bai san akwai ƙurungun da haka Allah ya yi shi, a rigingine yake iyo ba.

Ƙannena da ke tafe: ku ɗauki hoton kowane shafi da kwanan wata kafin ya shiga ofishin kowa. In aka tambaye ku dalilin launi, ku faɗa, ko murya na rawa. Ku sayi farin fenti naku, na sashe ba ya kai tsakiyar zango. Burushi kuma ba a ba da aronsa.

Na sayi sabon littafi, shafi tara na cika. Mafarkin ba ya zuwa kamar da, wani lokaci sai in yi wata biyu ban ga rumbun ba, kuma akwai wani zanen Inna a bakin banda da na gwada sau uku hannuna ya ƙi maimaita shi. Kawu ya ce in zo a Janairu, in baƙin ruwa ya cika, zai fita da ni a jirgi da sassafe mu tsaya daidai inda take nunawa.