Ƙayar kifin da muka zana a bayan kalanda

Ranar da bel ɗin injin casar shinkafarmu ya kama hannun ɗaya daga cikin yarana, layi ɗaya na rubuta a littafin aiki: "Sakacin ma'aikaci." Muka kai shi asibiti aka ɗinke masa yatsu biyu. Maƙwabta a Ƙofar Marusa suka yi ta zuwa jaje, kowa na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma a daren nan ban runtsa ba, domin yaron amana ce mahaifinsa ya damƙa mini.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ga layin nan sai ta ce, "Yaya, ai ka yanke hukunci tun ba ka yi bincike ba." Ta ciro tsohuwar kalanda daga bango, ta kifa ta a tabarma, ta ja dogon layi. A ƙarshensa ta zana kan kifi, ta rubuta a ciki: bel ya kama hannu, Talata, bayan La'asar. Sannan ta fitar da ƙayoyi shida daga jikin layin: mutane, inji, tsarin aiki, kayan aiki, awo, muhalli. Ta ce wani farfesan Jami'ar Tokyo ne, Kaoru Ishikawa, ya yaɗa wannan zane a masana'antun Japan a shekarun 1960, har yau ma da sunansa ake kiransa, kuma tuni ya shiga asibitoci.

Washegari muka zauna da makanikinmu da sauran yaran, na ce kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba wanda za a kora. Nan magana ta fito. Murfin da ke kare bel ɗin ya yi mako uku a jingine da bango. Me ya sa? Makaniki ya gaji da kwance shi, saboda kullum bel na zamewa. Me ya sa yake zamewa? Lambarsa ba ta dace da injin ba. To wa ya sayo shi? Makaniki ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, kai ka ce a ɗauko mai sauƙin kuɗi." Da hannuna na rubuta wannan a ƙayar kayan aiki.

Sauran ƙayoyin ma suka cika. Yaran sun saba mayar da bel da sanda inji na gudu, don kada layin masu buhuna ya tsaya. Na sha gani ban hana ba. Lokacin kaka ne, yaron yana tsaye tun bayan Asuba. Hunturu ya sa shi sanya rigar sanyi mai faɗin hannu. Ƙwan fitilar da ke saman injin ya mutu, ga ƙurar ɓuntu ta turnuƙe ɗakin.

Abin da na fi amfana da shi shi ne yadda ƙanwata ta sa muka rubuta. Abin da muka tabbatar, da jan biro, tare da wanda ya gani da hoton da na ɗauka a waya. Abin da zato ne kawai, da shuɗi, har sai an bincika. Ƙayar awo ba mu sami abin sa mata ba, ta ce a bar ta haka, kada mu ƙirƙiri dalili don zane ya yi kyau. A ƙasa muka jera gyare-gyare, kowanne da mai alhakinsa da ranar gamawa.

An mayar da murfi, an sayo bel mai lambar da ta dace, an sa fitila biyu. Yaron ya dawo aiki, yana wajen awon buhuna kafin hannun ya gama warkewa. Layi ɗaya ya rage ban soke ba: makunnin kashe inji kusa da mai aiki. Mai haɗa wuta ya ce zai zo ranar Asabar.