Yadda na gane laimar Shaiɗan a wani dajin kudancin Ingila

A watan Agusta na ci karo da ita a gindin bishiyar beech, a tuddan South Downs inda ƙasar alli ce. Laimar kwaɗi ce ƙatuwa, hularta fara-fara mai ratsin toka, ƙafarta kuma a kumbure kamar tulu. Da na leƙa ƙarƙashin hular ban ga ganyayyakin nan sirara ba, sai ƙananan huda jajaye cunkus. Wannan kaɗai ya nuna min 'yar dangin bolet ce. Sai dai dangin da yawa, kuma masu jan ciki sun fi ɗaya.

Ƙafar ce ta fara raba gardama. Akwai wata 'yar uwarta, Neoboletus luridiformis, da Turawa ke ci bayan sun dafa ta sosai. Ita ɗigo-ɗigon ja ne a ƙafarta, hularta kuma ruwan ƙasa mai duhu. Tawa zane ne da ita irin na raga, ja a kan rawaya. Suillellus luridus ma tana da raga, amma ƙafarta ba ta kumbura haka, hularta ba ta yin wannan farin.

Sai na yanki ɗan gefe. Mutane na cewa duk wadda ta koma shuɗiya in an yanke ta guba ce, abin da ba haka yake ba. Saurin rikiɗar da zurfin launin su ake dubawa. Waɗancan biyun nan take suke yin shuɗi mai duhu, wannan kuwa sannu a hankali ta ɗan yi shuɗi-shuɗi. Tsohuwar laimar da ke kusa da ita tana ta ɗoyin mushe. Nan na sakankance Rubroboletus satanas ce, wato laimar Shaiɗan.

Wani Bajamushe masanin halittu, Harald Othmar Lenz, ne ya raɗa mata sunan Shaiɗan a 1831, a 2014 kuma aka mayar da ita sabon rukuninta, Rubroboletus. Gubarta, bolesatin, tana sa amai da gudawa na sa'o'i.

Ban tuge ta ba, don a Birtaniya ba kasafai ake ganinta ba. Hoton hula, ƙafa da yankan na ɗauka, na rubuta bishiyar da irin ƙasar wurin, na aika wa masu ajiye bayanan laimar kwaɗi na yankin. Tambayar da suka fara yi min a kan hular ce, ko akwai alamar ruwan hoda, domin wata 'yar uwarta mai ruwan hoda a hula, Rubroboletus legaliae, tana yawan ruɗar mutane ta nan.