Asabar a bakin Weser

Da hantsi na sauka bakin kogin Weser a nan Bremen, wurin da ake kira Schlachte, na tarar ruwa ya janye. Duwatsun gaɓa duk a waje, ga laka baƙa tana sheƙi, ga sanyi kamar ya tsinke kunne. Wata na uku ke nan ina karatun aikin ruwa a Jamus, kusan kullum sai an ambaci Ludwig Franzius, injiniyan da ya gyara wannan kogin, a aji, shi ya sa na ƙudura yau sai na ga aikinsa da idona.

Ɗan Wittmund ne, can kusa da bakin teku, an haife shi a 1832. Ya yi karatu a Hanover, ya koyar a Berlin, sannan a 1875 Bremen ta damƙa masa ragamar gine-ginenta. Garin da ya tarar na 'yan kasuwa ne da rairayi ya toshe musu hanya. Zurfin kogin bai fi kamar mita 2 ba, manyan jirage sai su tsaya a Bremerhaven, kilomita 60 da ɗoriya daga nan, a juye kaya a ƙanana. Dama saboda wannan matsalar aka kafa Bremerhaven ɗin a 1827.

Dabararsa ce ta tsaya mini a rai tun daga aji. Yashe kogi kaɗai ba ya ɗorewa, yau a kwashe gobe ya dawo. Duk wanda ya bi labarin yashe kogin Neja ya san haka. Shi kuwa ya lura cewa sau biyu a yini teku na turo ruwa cikin kogin ya kuma janye shi. Sai ya yanke lanƙwasoshi, ya toshe rassan da ke raba ƙarfin ruwa, ya matse gaɓa ta yadda bakin kogin ke da faɗi wajen teku yana tsukewa zuwa gari, kamar mazurari. Ruwa ya shigo da yawa, in zai koma ya tafi da gudu, ya share rairayin da kansa. Daga 1887 zuwa 1895 aka yi aikin, jirgin da ƙasansa ke shiga mita 5 cikin ruwa ya iso har cikin gari.

Daga nan na taka zuwa Europahafen, tashar da ya gina aka buɗe a 1888, shekarar da Bremen ta shiga ƙungiyar kwastan ta Jamus. Yanzu gidajen haya ne da ofisoshi da ƙananan kwale-kwale. Raina ya ɗan sosu, gaskiya. Na zauna na ci burodin da na zo da shi, na yi azahar a wani lungu.

Da la'asar na koma Schlachte. Allah mai iko, duwatsun safe babu ko ɗaya, ruwa ya haɗiye su. Kafin Franzius, hawa da saukar ruwa a nan bai kai tsawon hannu ba. Yau ya kai kusan mita 4, domin waɗanda suka biyo bayansa sun yi ta ƙara zurfin kogin. Gaɓa na zaizayewa, an yi ta ɗaga katangun tare ambaliya, dausayin kifi da tsuntsaye da yawa sun tafi. Ban ɗora masa duka ba, ya rasu tun 1903, amma shi ya fara buɗe wa teku hanya.

Litinin zan tambayi malaminmu ko lissafin Franzius ya hango wannan. Yanzu dai yatsuna sun ƙage, bari in dafa shayi.