Yadda Muka Sake Gina Shafin Sashenmu Bayan Mun Saurari Ɗaliban Ƙetare

Lokacin da aka damƙa mini aikin gyara shafin intanet na sashen karatun da nake aiki a nan Damagaram, abin da aka faɗa mini shi ne shafin ya tsufa, kuma ana so a ƙawata shi domin ya jawo ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta. Ni ma da farko na ɗauka magana ce ta sabon launi da hotuna masu kyau. Amma akwai abin da ya daɗe yana damuna: tsakaninmu da Kano tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, harshenmu ɗaya, auratayya da fatauci sun haɗa mu tun zamanin ayari, ga shi kuwa baƙin ɗaliban sashenmu ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Saboda haka na roƙi a ba ni wata guda in zauna da mutanen da ake son jawowa kafin in taɓa komai.

Na fara da ɗaliban da suka riga suka zo, wasu daga wajen Daura da Katsina, wasu daga Chadi. Ban tara su wuri ɗaya ba, domin a taro babba ne ke magana, ƙanana kuma kunya takan sa su yi shiru. Masanin gwajin sauƙin amfani da shafukan intanet Jakob Nielsen ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin shafi, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowa na ba shi aiki iri ɗaya: da wayarsa da datarsa, ya nemo kuɗin makaranta, takardun da ake buƙata, da ranar rufe rajista. Nawa aikin shi ne in zauna gefe in kama bakina, kuma wannan ne ya fi yi mini wuya, domin duk sanda na ga mutum ya ɓace sai in ji kamar in nuna masa inda zai danna.

Wani saurayi ɗan Daura ne ya fi tsaya mini a rai. Shafin farko ya daɗe bai buɗe ba saboda nauyin hoton ƙofar makaranta, da ya buɗe kuma sai ga doguwar gaisuwar shugaban sashe da Faransanci. Ya yi ta ja da babban yatsa har ya iske wata takardar PDF, ya danna, rubutun ya fito ƙanana kamar tururuwa, yana buɗa yatsu yana matsewa. Can sai ya kife wayar a kan tebur ya ce: "Malam, da a gida nake, da tuni na rufe. Ni ma wancan lokaci yayana na aika ya zo ya tambayo mini."

Daga nan na gane shafin da kanmu muke magana. Mun rubuta cewa ana neman takardar bak, wato shaidar kammala sakandare a tsarin Faransanci, alhali ɗan Najeriya WAEC ko NECO yake riƙe da ita, kuma babu layi ko ɗaya da ya gaya masa ko za a karɓa. Mun rubuta LMD ba tare da bayanin cewa lisans shekara 3 ce, mastar 2, dakta 3 ba, ga mutumin da ya saba jin digirin farko shekara 4. Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa ita ce ko takardar shaidar za ta yi aiki idan ya koma gida. Ɗan Chadi yana tambayar amincewar CAMES, hukumar tantance takardun manyan makarantu ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, ɗan Najeriya kuma hankalinsa yana kan tantance takardu da hidimar ƙasa. A nan na tsaya kai da fata cewa ba za a sa komai ba sai abin da aka tabbatar mana a rubuce, domin yaron da ya ɓata shekara uku a kan alkawarin da bai tabbata ba, alhakinsa yana wuyanmu.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawancin lokaci ba ɗalibin ne mai yanke shawara ba. Wata ɗaliba ta haɗa ni da mahaifinta ta waya, ya tambaye ni kuɗin wani abu, ni kuma bisa sabo na faɗa masa da jikka. Ya yi murna ya ce ashe abin da sauƙi haka. Sai da magana ta yi nisa na lura cewa jikka a bakinmu sefa 1,000 ce, shi kuwa jaka a wurinsa naira 200 ce. Na ce: "Alhaji, a yi haƙuri, bari in sake lissafin da lambobi." Tun ranar muke rubuta kowane kuɗi da lambobi tare da sunan sefa, ba ma juya shi zuwa naira tunda canji ba ya zama wuri ɗaya, kuma muna tunatar da ƴan Chadi cewa sefarsu da tamu darajarsu ɗaya amma takardun kuɗin daban ne. Sauran tambayoyin dattijon ba su taɓa karatu ba sam: ina ƴarsa za ta kwana, wa ke kula da gidan, ina asibiti, kuma daga tasha nawa ɗan kabu-kabu zai karɓa.

Shawo kan na sama da ni bai zo da sauƙi ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin gaisuwa a wurinmu ba abin wasa ba ce. Na saka musu muryar saurayin nan, da izininsa, sannan na ce: "Ranka ya daɗe, ba cire gaisuwar za a yi ba, ɗakinta za a ware mata." Aka amince. Yanzu shafin farko tambayoyi ne da amsoshinsu a rubutu marar nauyi, da Faransanci da Turanci da Hausa. Kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka fitar a watan Maris na 2025, wanda ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ƙara mana hujja, amma hujjata ta gaskiya ita ce iyaye. Saboda su muka naɗi gajeren bayani da murya wanda ɗalibi zai iya tura wa mahaifinsa ta WhatsApp. Mun kuma faɗa ƙarara cewa da Faransanci ake koyarwa, duk da na san hakan zai sa wasu su fasa.

Kuskuren da na yi shi ne na sa lambar waya, har da +227 a gabanta, ba tare da na tsayar da wanda zai riƙa amsawa ba. Hutu ya zo, saƙonni suka taru, wasu suka yi mako biyu ba amsa, kuma har yau ina jin nauyin waɗanda suka gaji suka nufi wani wuri. Yanzu mutum biyu ke karɓar wayar bi da bi, an kuma rubuta lokutan amsawa. Bayanin hanya shi ma muna sa masa kwanan wata, domin rufe iyaka da aka yi a 2023 ya nuna mana cewa labarin tafiya yana saurin tsufa.

Gwaji na biyu da waɗanda ba su taɓa zuwa Damagaram ba muka yi shi, kuma sun samo abubuwa ukun nan ba tare da sun nemi taimako ba. Sai dai mata kaɗan ne suka yarda su zauna da ni, don haka wata abokiyar aikina ce za ta yi hira da ɗalibai mata da iyayensu mata kafin a buɗe rajista mai zuwa.